Alawar Iya

Shafi na 19

Assalamu alaikum masu bibiya. Na ga saƙonninku a kan Amiru, na kuma ga waɗanda suka ce yanzu suka shigo. Bari in ɗan koma baya kaɗan, don kada a bar kowa a hanya.

Gidan Malam Ishiyaku yana wani ɗan ƙauye ne a gefen hanyar da ta tashi daga Rano ta nufi Kibiya. Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya suka rungumi noma, amma ba su rabu da shanu ba. Akwai shi Ishiyaku, da mahaifiyarsa da kowa yake kira Iya, da matarsa Halima Sadiya mai tsohon ciki, sai 'ya'yansu biyu: Mufida 'yar shekara tara, da ƙaninta Amiru da bai daɗe da yaye ba.

Ba su rasa dawa a rumbu ba, ba su rasa nono a ƙwarya ba. Abu biyu suka rasa. Halima ba ta da jini a jiki, ta ɗashe, idan ta ɗebo ruwa daga rijiya sai ta zauna tana haki. Gidan kuma ba shi da wanda zai kalli Iya ya ce mata a'a.

Mufida ce 'yar fari, don haka tun daga yaye aka miƙa ta ɗakin Iya. Halima, saboda kunyar 'yar fari, ba ta taɓa kama sunanta ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ita kuma Mufida Adda take ce mata, mahaifinta kuma Baffa.

A shafin da ya wuce mun tsaya inda Amiru ya kama amai da gudawa tun hantsi, Iya ta ɗura masa manja bai tsaya ba, har aka ɗauko shi zuwa asibiti a Rano aka ɗaura masa ruwa.

To, mu ci gaba.

Ana kiran la'asar aman ya tsaya.

Amiru ya buɗe ido, ya kalli rufin ɗakin, ya kalli robar ruwan da aka rataye a kansa. Sai ya juya wajen kakarsa ya ce a hankali, "Iya, nono."

Iya ta washe baki.

"Kun ji maigidana ya tashi. Yanzu ka gama tsorata ni, kuma har ka fara neman abinci? Kai dai ba ka iya riƙon mace ba. Cefane babu, sai ciwo."

Matar da ke jinyar ɗanta a gadon gefe ta yi dariya. Ishiyaku ya shafa fuska da tafukansa ya ce, "Alhamdulillahi."

"Ai na gaya muku haƙori ne," in ji Iya. "Auta, je ka nemo mana abin hawa, mu isa gida kafin shanu su dawo."

Auta take ce wa Ishiyaku, ko da yake furfura ta fara fito masa a gemu.

Mufida tana tsaye a jikin taga. Ita kaɗai ce ba ta yi murna ba. Tun safe akwai wani ɗanɗano a harshenta, zaƙi a sama, ƙarfe a ƙasa, kamar ta tsotsi ƙusa. Ta kurkure baki a famfon asibiti, bai tafi ba.

Ta san daga inda ɗanɗanon ya fito.

Tun damina ta taɓa shiga ɗaki ta tarar da Iya tana zazzage wasu jajayen ƙwayoyi masu sheƙi a cikin wani ɗan gwangwani, tana mayar da shi cikin samirar da ke saman jere.

"Iya, mene ne wannan?"

"Alawa ce."

"Ba ni ɗaya."

"Ba taki ba ce. Maigidana nake tara wa. Kuma kada in ji a bakin kowa."

Yau da safe Iya ta tafi barkar haihuwa maƙwabta, Adda tana kwance jiri ya hana ta tashi, Amiru kuma ya kafa kuka ya ƙi goyo, ya ƙi fura. Sai Mufida ta tuna. Ta taka turmi ta sauko da samirar. Ta lasa ɗaya ta ji zaƙi. Ai kuwa alawa ce, kuma dama tasa ce. Ta miƙa masa gwangwanin, ya yi shiru, ita kuma ta tafi wanke kwanuka.

Da Iya ta dawo ta ga bakinsa ja, ga gwangwani a yashe, ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Tsintsiya ta ɗauka ta share ɗakin tas. Sannan ta kama kunnen Mufida ta ce, "Idan kika buɗe baki, ke Baffanki zai kama. Ke kika ba shi, ba ni ba."

Shi ya sa tun safe Mufida take haɗiye magana kamar mai haɗiye ƙaya.

Ishiyaku ya miƙe ke nan zai fita, Sista Mu'minat ta shigo. Ita ce nas ɗin da ta karɓe su, kuma ita ce take duba mata masu ciki ranar awo, don haka ta san Halima. Ba ta da faɗa, amma ba ta barin tambaya a rabi.

"Malam, ɗan dakata. Har yanzu ba a gaya mini abin da yaron nan ya ci ba."

"Bai ci komai ba sai koko," in ji Iya.

"Iya, koko ba ya sa aman jini."

"Haƙori ne."

"Haƙori ma ba ya sa shi. Na duba zanin da ya yi aman a kai. Akwai jini, akwai manja, akwai kuma wani abu ja kamar ɓawo."

"'Yar nan, na yi goyo tun ba a haifi uwarki ba. Yaro ya tashi, yana neman abinci. Me kuma ya rage?"

"Allah ya ƙara girma, Iya. Abin da ya rage shi nake nema."

Ta juya wajen Halima, wadda ke zaune a ƙasa ta jingina da bango ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Ta tsuguna, ta ja fatar idonta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta. Fari fat, kamar an wanke da toka.

"Halima Sadiya, kina shan ƙwayar ƙarin jinin da nake ba ki?"

Halima ta sunkuyar da kai.

"Ina sha."

"Kullum?"

"Ina sha."

"Duk awo ina ba ki, duk awo jininki ƙasa yake yi. Ko dai ba mu fahimci juna ba ne? Bari in nuna miki wadda nake nufi."

Ta sa hannu a aljihun farar rigarta ta ciro ƙwaya ɗaya, ja, mai sheƙi. Ta ɗaga ta tsakanin yatsu biyu.

"Irin wannan."

Kafin Halima ta amsa, wani ɗan hannu ya miƙo daga kan gado, da allurar ƙarin ruwa manne a bayansa.

"Alawa," in ji Amiru. "Ba ni alawa."

Matar gadon gefe ta daina fifita.

Sista Mu'minat ta kalli yaron, ta kalli ƙwayar, ta mayar da ita aljihu a hankali.

"Wa ya ce masa wannan alawa ce?"



"Yara ai komai ja alawa ne a wajensu," in ji Iya. Amma muryarta ba ta fito yadda ta saba ba.

Sista ta juya. Ta taka zuwa taga, ta tsuguna har tsayinsu ya zo ɗaya da Mufida.

"Ya sunanki?"

"Mufida."

"Ke ce mai renonsa?"

Ta gyaɗa kai.

"Mufida, ba dukan kowa zan yi ba. Amma idan ban san abin da ke cikinsa ba, ba zan san abin da za a yi masa ba. Kin gane?"

Mufida ta ɗaga ido. Ta bayan kafaɗar Sista ta hango Iya tana kallonta, irin kallon da ba ya buƙatar magana. Ta kalli Amiru. Har yanzu hannunsa a miƙe yake.

"Ni na ba shi," ta ce.

"Me kika ba shi?"

"Alawar Iya. Ta cikin samira. Iya ce ta ce shi take tara wa."

"Da yawa ne?"

"Gwangwanin ya kusa cika. Wasu ya tsotse ya tofar. Wasu ya haɗiye."

"Me ya rage a ciki?"

"Kaɗan ne a gindi."

Sista ta rufe ido ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ishiyaku bai gane komai ba tukuna, sai abu ɗaya: 'yarsa ta ba ɗansa abin da ya kusa kashe shi, kuma ta yi shiru tun safe. Ya yo kanta yana zare takalmi.

"Ke, don ubanki, tun safe kina kallo muna..."

"Kada ka taɓa Mufida."

Ya tsaya da takalmi a hannu.

Mufida ta waiga tana neman wanda ya yi maganar. Muryar ta san ta. Sunan ma ta san shi. Amma ba ta taɓa jin su tare ba.

Halima ce. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, tana haki.

"Kada ka taɓa ta, Malam. Abin da aka gaya mata ta yi."

Iya ta riƙe haɓa.

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Sunan 'yar fari a bakinki, a gaban surukarki, a gaban bare? Kunyar ta ƙare ke nan?"

"Kunyar ce ta kawo mu nan, Iya."

Ishiyaku ya kalli matarsa, ya kalli uwarsa.

"Wai ku fahimtar da ni. Ƙwayar ta wace ce?"

"Tawa ce," in ji Halima. "Wadda ake ba ni a awo."

"Me ya kai ta ɗakin Iya?"

Halima ta kalli Iya. Shekara goma tana gidan, ba ta taɓa faɗin abin da Iya ta yi ba, sai dai abin da Iya ta ce. Sannan ta buɗe baki, maganar ta fito a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Da na fara sha, zuciyata ta riƙa tashi, bayan gidana ya koma baƙi. Na tsorata, na gaya wa Iya. Ta ce jinina ne yake ƙonewa. Ta ce ƙwayar nan ɗa take ƙara wa girma a ciki, idan haihuwa ta zo ya kasa fita, a yanka ni. Daga ranar, duk na dawo daga awo, a bakin ƙofa take karɓa."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, me za ka ce?"

Ita ta amsa wa kanta.

"Cewa za ka yi, yadda Iya ta ce."

Matar gadon gefe ta juya fuskarta bango, don kada a ce ta ji.

Sista Mu'minat ta ce, "Halima, da kin dawo kin gaya mini. Baƙin bayan gidan nan ba jini ba ne, launin maganin ne kawai yake fita, kusan duk mai sha tana ganinsa. Tashin zuciyar ma, da kin sha bayan kin ci abinci, da ya lafa. Na sha gaya muku, ƙwaya ɗaya a rana, kada a kora da shayi."

"Kin faɗa."

"Kuma ba ta ƙara wa ɗa girman da zai kasa fita, Iya. Uwar take ƙara wa jini. Mace ta shiga naƙuda ba jini, ɗan abin da za ta zubar shi zai tafi da ita."

Iya ta miƙe tsaye. Ƙaramar mace ce, amma idan ta tsaya sai ɗaki ya yi mata kaɗan.

"Kin gama?"

"Ban gama ba, amma ina jin ki."

"Ina da 'ya, Fanta. Yayar wannan da kike gani. Ita ba ta tsallake awo ba ko sau ɗaya. Duk abin da kuka ba ta sai ta haɗiye, ja da rawaya, har tana yi mini dariya wai ni mutumiyar da ce. Ranar haihuwa ɗa ya ƙi fitowa. Aka ce ya yi girma. Aka ce a tafi Kano. Na bi su da ƙwaryar fura a hannu, wai idan ta sauka ta sha."

Ta gyara mayafi, ta ci gaba.

"A mota aka dawo mini da ita, an ɗinke ciki kamar buhu. Ita babu, ɗan babu. Furar a hanya na zubar."

Ta nuna Halima da yatsa ba tare da ta kalle ta ba.

"Wannan kuwa, da ta shigo gidana, na ce ba za a yi biyu ba. Ba ƙinta nake ba. Da ƙinta nake, da na bar ta ta sha."

"Allah ya jiƙan Fanta," in ji Sista. "Ban san abin da ya same ta ba, ba ni nan. Amma na san ba ƙwayar nan ba ce. To ko da kin hana ta sha, Iya, me ya sa ba ki zubar ba?"

"Ana zubar da magani ne? Abin da aka ba mutum? Na ce wata rana zai yi wa wani rana."

"Me ya sa kika ce wa yarinya alawa ce?"



"Wa bai taɓa ce wa yaro haka ba? Ke ma idan za ki ba su magani, me kike cewa?"

Maganar ta soki Sista. Domin da ta karɓi Amiru ɗazu, tana neman jijiya yana fizgewa, ita ma da bakinta ta ce masa ya tsaya za ta ba shi alawa.

Ta sauke numfashi ta ce, "Gaskiyarki. Mu duka muna faɗa. To yanzu ku saurare ni da kyau, don lokaci yana tafiya. Malam, matso."

Ishiyaku ya matso. Takalmin har yanzu yana hannunsa, ya manta da shi.

"Ƙwayar nan, guda ɗaya ga mai ciki magani ce. Da yawa ga ƙaramin yaro guba ce. Kuma guba ce mai yaudara. Da farko amai da gudawa, kamar yadda kuka gani. Sai ta lafa. Yaro ya tashi, ya yi dariya, ya nemi abinci, kowa ya ce an warke."

"To ba ga shi ba," in ji Ishiyaku.

"Wannan lafawar ita nake tsoro. Ta bar ciki ne ta shiga jini, hanta za ta nufa. Idan ta dawo, ba ta dawowa da sauƙi. Akwai allurar da ke kama ta a jini ta fitar da ita, amma sai babban asibiti a Kano. Yau za ku tafi, ba gobe ba."

"Kano," in ji Iya.

"Kano, Iya."

"Can aka kai Fanta."

"Na ji. Amma wannan ba yanka za a yi masa ba."

"Ita ma haka aka ce."

Sista ta duba robar ruwan, ta ga ta ƙare. Ta cire igiyar, ta bar allurar manne a bayan hannun yaron.

"Kada kowa ya taɓa wannan, can za su yi amfani da ita. Kada kuma a ƙara ba shi manja ko wani jiƙo. Zan je in kira likita, in ga maganar mota. Ku jira ni a nan. Halima, ke ma idan an je can sai an duba ki."

Ta fita da sauri.

Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa ba, Amiru ya tashi zaune. Ya kama gefen mayafin Iya ya ja, ya ɓoye fuska a ciki, ya leƙo yana dariya. Wasansu ne na kullum.

Iya ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta shafa kansa ta tofa masa addu'a.

"Auta, kalle shi."

Ishiyaku ya kalle shi.

"Wannan ne mai mutuwa? Manjan nan ya wanko komai, da idona na ga ya fito. Su dai ba sa ganin mutum ya shigo da ƙafarsa ya fita da ita. Ya warke. Ɗauko mana kayanmu."

"Iya, amma ta ce..."

"Ni na haife ka ko ita?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sa takalminsa. Ya naɗe tabarma, ya ɗauki butar da suka zo da ita.

"Malam," in ji Halima. "Ta ce mu jira."

"Taso mu tafi. Idan jikin ya motsa, gobe ma rana ce."

"Ta ce ba gobe ba."

"Na ce ki taso."

Matar gadon gefe ta juyo ta ce, "Baiwar Allah, ku dai jira likitan."

Iya ta ce, "Allah ya ba naki lafiya." Ta yi gaba.

A baranda Iya ta gaji da nauyin yaron, ta miƙa wa Halima shi ba tare da ta waiwaya ba, kamar yadda ta saba miƙa mata ƙwarya idan ta gama sha. Halima ta rungume shi a saman cikinta. Mufida ta bi su a baya, tana ta waigen ƙofar da Sista ta shiga. Sista ba ta fito ba.

A bakin ƙofar asibiti akwai 'yan a daidaita sahu suna jiran fasinja. Wani ya taso da nasa ya tsaya a gabansu.

"Malam, ina muka nufa? Tasha ko cikin gari?"

Ishiyaku ya buɗe baki, sai ya kalli Iya.

"Hanyar Kibiya," in ji Iya. "Gida."

Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi. Ishiyaku ya tura tabarma ƙarƙashin kujera. Ya kama hannun Mufida ya cusa ta kusa da Iya. Sannan ya juyo.

Halima tana tsaye inda take. Ba ta ɗaga ƙafa ba.

"Shiga mana."

"Ba zan shiga ba."

Mai a daidaita sahu ya rage ƙarar rediyonsa.

"Me kika ce?" in ji Ishiyaku.

"Tasha zan je. Kano zan kai shi."

"Ke da ko rijiya ba kya iya zuwa sai kin zauna?"

"Sai in zauna, in tashi."

Iya ba ta kalle ta ba. Gaba take kallo, ta ce, "Auta, rana tana faɗuwa."

Ishiyaku ya matsa kusa da matarsa, ya rage murya don kada 'yan a daidaita sahu su ji. Amma Mufida ta ji.

"Halima Sadiya, kada ki tozarta ni a gaban uwata a bakin titi. Ko ki shiga, ko ki ba ni ɗana."

Ya miƙa hannu biyu.

Halima ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara ƙanƙame yaron. Gumi yana bin wuyanta.

Hannun Amiru, mai allurar, ya saƙalo ta kan kafaɗarta yana lilo kusa da inda Mufida take zaune. Mufida ta miƙa nata ta kama yatsunsa. Ɗazu a kan gado da ɗumi suke. Yanzu sun yi sanyi kamar randa, ga danshi. Dariyar ma ta tsaya. Ya kwantar da kai, idonsa a buɗe, ba ya kallon kowa.

"Iya," ta ce, "hannunsa ya yi sanyi."

"Iska ce. Barci yake ji. Na ce miki ya warke."

Muryar mai taushi ce, ba faɗa a ciki. Mufida ta san wannan muryar. Da ita aka yi mata magana a damina, a gaban samira.

Ba ta san mece ce hanta ba, ba ta san nisan Kano ba. Abin da ta gane shi ne, "ya warke" ɗin nan da Iya ta faɗa, irin "alawa ce" ɗin nan ce.